Izinin da Baba Ya Nema

Baba ya rasu a gidana, a Fatakwal, ana saura 'yan makonni Ista. Kafin in gama kimtsa ɗakin, masu gaisuwa sun cika layinmu. Waɗanda suka fara zuwa ma ba 'yan ikilisiya ba ne, mahautan kwatar Trans-Amadi ne, Musulmi, ko wanka ba su tsaya yi ba. Suka yi cirko-cirko a ƙofa, sun rasa irin addu'ar da za su yi wa Kirista. Can sai babbansu, aminin Baba, ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Mutumin kirki ne, mu shaida ne." Na kawo masa kujera ya ƙi, ya zauna a dandamalin ƙofa ya rufe fuska da hularsa.

Washegari motar Inugu ta iso, bas guda cike da matan zumunta na ikilisiyarmu ta Abakpa, unguwar da na tashi. Tun daga bakin titi nake jin kukansu. Na san muryoyin nan tun ina goye, don haka na ji abin da ke ƙarƙashin kukan. Wata tsohuwa ta rungume Mama tana cewa, "Ya gudu ya bar mu, ya zo ya mutu a hannun baƙi." A hannun baƙi! Ni 'yar cikinsa ina tsaye a gabanta da tiren ruwa. Wata kuma ta ce ai ba gudu ya yi ba, yaran zamani ne suka ture shi. Baffa, ƙanen Baba, shi ya fi kowa ɗaga murya, yana dukan ƙirji yana cewa baƙin ciki ne ya kashe yayansa. Na ajiye tiren na shige kicin, don in na buɗe baki a lokacin, zaman makokin ya watse.

Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an fara sauya masa labari. Ba a kori Baba ba, bai kuma gudu ba. A gabana aka yi yawancin abin, wanda ban gani ba kuma Mama ta gani.

Mu Hausawa ne Kiristoci, daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Kano. A Kudu wannan kaɗai ma aiki ne: ɗan Ibo ya ga rigarka ya kira ka Alhaji, ɗan Arewa ya ji inda za ka ranar Lahadi ya sake dubanka. Baba da tirelar shanu ya fara zuwa Inugu yana saurayi, daga baya ya ajiye tuƙi ya zauna a Abakpa. Shi ya bi masu gadi da matan sojoji da masu sayar da albasa, 'yan Filato da Kaduna da Bauci, duk wanda in zai yi addu'a da Hausa take fito masa, ya tara su. Aron majami'a suke yi bayan azahar, in masu wurin sun tashi. Bai je makarantar fastoci ba. Dattijo ne kawai, shugaban ikilisiyar Hausa, amma suna da aure da sulhun miji da mata da belin wanda 'yan sanda suka kama, duk a kansa suke. Kai gawa gida Arewa ma shi ne.

Mutum ne da bai iya zama ba. A tsaye yake cin abinci, makullai na ƙara a aljihunsa. Da ya gama abu, kafin ka ce sannu, sai ka ji ya ce, "To, sai me kuma?" Mama kan ce masa, "Malam, kai ko a Mulkin Sama sai an ɗaure ka a kujera." Shi kuwa ya ce mata ai can ma ba za a rasa abin gyara ba. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Ya haura saba'in da ɗan kaɗan, lafiyarsa ƙalau, ya tashi wata Lahadi ya ce zai sauka. Ya ce ya lura in ya yi tari a tsakiyar sujada kowa sai ya tsaya ya jira ya gama. Ya ce akwai iyaye a nan da in ɗansu ya yi zazzaɓi, shi suke fara kira kafin su durƙusa. "Ba ni na mutu dominku ba," in ji shi. "Aron ku aka ba ni, kuma na riƙe har na fara jin kamar nawa ne ku. Gara in mayar tun da ƙafata, kafin a ƙwace."

Dattawa suka zaci magana ce ta wa'azi, za ta wuce. Da ya kawo sunan wanda yake so ya gaje shi ma ba su musa ba, don ba su ɗauka da gaske yake ba. Ɗan wani marigayin soja ne, a barikin Abakpa aka haife shi, mai gyaran firji, magidanci da 'ya'ya uku. Ibonsa ya fi Hausarsa kyau, in ya yi sauri kuma Pijin ke tsomo baki. Amma shi kaɗai matasanmu ke saurara, a lokacin da suke ta zarewa ɗaya-ɗaya zuwa majami'un Turanci. Baffa kuwa ya daɗe yana ganin in yayansa ya tashi shi zai zauna. Tun daga ranar bai ƙara kiran mutumin da komai ba sai "yaron nan". Baba kuma tun daga ranar bai ƙara kiransa da komai ba sai Shugaba.

Na zo daga Fatakwal don Lahadin farko da sabon Shugaba zai ja sujada. A sujadarmu babu piyano. Shugaba ne ke ɗaga waƙa, ya ja layin farko shi kaɗai, sannan jama'a su kama. Shekara da shekaru muryar Baba ce ke buɗe kowace waƙa. To, sabon Shugaba ya miƙe ya ɗaga, ya kuma ɗaga ta sama da yawa. Ba wanda ya kama. Ya shiga layi na biyu shi kaɗai, muryarsa na neman tsinkewa. Sai na ji benci na ƙara, kowa ya juya baya. Baba na can bencin ƙarshe kusa da ƙofa, wurin masu goyo da masu zuwa a makare. Ya haɗe leɓɓansa, ya kafa ido a ƙasa, gumi na bin wuyansa. Jama'a na jiransa, shi kuma ya ƙi. Daga ƙarshe Mama ce ta kama da 'yar muryarta da ta shaƙe, mata suka bi ta, maza suka biyo a daddafe.

A hanyar gida na ce, "Mama, ashe kina bayan Shugaba." Ta ce, "Wane Shugaba? Don kada ubanki ya suma na yi." Da muka isa, Baba ya shige banɗaki da bokitin ruwa, ya rera waƙar nan tun daga farko har ƙarshe da iyakar ƙarfinsa, har maƙwabta na leƙowa.

Da abin ya tsaya a waƙa da da sauƙi. Bayan 'yan watanni wani ɗan ikilisiya mai okada ya yi hatsari ya rasu, ɗan wani ƙauye kusa da namu. A wajenmu ba a shiga gari da gawa kai tsaye. Ana tsayar da mota a bayan gari, shugaban tafiya ya sauka ya taka da ƙafa zuwa gidan babban dangi. A gaisa gaisuwa cikakkiya, a tambayi gona, a tambayi ruwa, a sha abin da aka kawo. Sannan a hankali ya ce ɗan da suka ba mu amana jiki ya yi tsanani, ya ɗan dakata, sannan ya faɗi sauran. Ko da mazan gidan sun riga sun ji ta waya, ba sa gaya wa uwa. Sai an yi wannan zaman, tsofaffin mata su shiga wurinta su riƙe ta, sannan dangi su fita bayan gari su karɓo abinsu.

Shugaba a Inugu ya tashi, abin da ya gani a Inugu shi ya sani. A can girmama mamaci shi ne a ɗauko motar asibiti mai jiniya, a buga babban hotonsa a manna a gaba. Haka ya yi, da zuciya ɗaya, har da kuɗin aljihunsa a ciki. Motar ta ratsa ƙauyen da jiniya ta tsaya a ƙofar gidan. Uwar yaron tana bakin zaure tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta ga fuskar ɗanta a gaban mota. Nan ta faɗi, sai da aka yayyafa mata ruwa. Mutanen ƙauyen suka karɓi gawar, ba wanda ya ba 'yan rakiya ko ruwan sha.

Kafin motar ta dawo Inugu labari ya riga ta. Baffa ya kwaso dattawa suka cika ɗakin Baba.

"Yaya, ka ga abin da yaron nan ya jawo mana. Ka karɓi abinka."

"Wane abin nawa?"

"Kujerar mana! Ko sai ya gama zubar mana da mutunci a Arewa?"

Baba ya miƙe, ya zaga ɗakin, ya dawo. "Tun kafin a haife shi nake kai gawa gida. Ka taɓa ganin na ɗauke shi mun tafi tare? Ko kai da kake ƙanena, na taɓa ce maka zo ka ga yadda ake yi? Daɗi nake ji a ce ba mai iyawa sai ni. To, ga abin da daɗin ya haifa. In akwai wanda ya jefar da matar nan ƙasa, ni ne."

Baffa ya ce wannan dai kare yaro ne. Baba ya ce masa ƙofa a buɗe take. Haka suka rabu, kuma ba na tsammanin sun ƙara cin abinci a kwano ɗaya.

Baba da kansa ya je shagon Shugaba ya ce in zai koma ba da haƙuri, yana roƙon a tafi da shi. Tun daga Inugu har suka wuce Makurɗi yana yi masa bitar gaisuwa: wa ake fara gaisarwa, ina ake cire takalmi, yaushe ake yin shiru. A bayan gari suka sauka. Baba ya karɓi jakar Shugaba ya rataya, ya bi shi a baya. Dattawan ƙauyen duk sun san Baba, shi suka nufa da hannu. Ya ce musu, "Ga shugabanmu nan. Ni rakiya na yi." Bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Shugaba ya durƙusa gaban uwar da Hausarsa mai tuntuɓe, ya kasa ƙarasa abin da aka koya masa, sai kuka. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora masa hannu a ka ta ce a kawo wa baƙi ruwa.

Mu mun ɗauka an wuce wurin ke nan. Ina! A Abakpa cewa aka yi, "Kun gani? Sai da Baba ya je." Ana tashi daga sujada sai layi a ƙofar gidanmu. Mai rigima da matarsa, mai neman suna ga jariri, mai son a yi masa addu'ar tafiya. Baba ya tura su wurin Shugaba, su zagayo ta wurin Mama. Shugaba ya yanke magana a taron dattawa, sai wani ya ce bari dai a ji ta bakin Baba. A nan Baba ya gane ko a bencin baya ya zauna, mulki yake yi. Ya ce wa Mama su bar garin.

Ban taɓa jin iyayena sun yi faɗa irin na ranar ba. Mama ta kira ni a waya tana huci, ta sa ni a tsakiya. "Malam, kai ka yi ritaya, ni ban yi ba! Ina amarya ka kwaso ni daga Arewa ban ce komai ba. Yanzu da furfurata za ka sake kwasata? Maƙwabtana na nan, teburin kayan miyata na nan, kabarin ɗana na fari na nan. Don yaron wani ya ji daɗin kujera?" Ina jin Baba yana ta zagaye, makullansa na ƙara. Da ta gama ya ce, "Duk gaskiya kika faɗa. Ki yafe mini." Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba magana. Sannan ta fara ɗaure kaya.

Anaca suka fara zama, wurin yayana mai sayar da albasa. Bai yi nisa ba. Duk Asabar sai ga su Baffa sun hawo bas da ƙorafi a baki. Sai Baba ya ce a ƙara gaba. Haka suka iso gidana.

Allah ya sani ina ƙaunar ubana, amma zama da shi a shekarun nan sai mai haƙuri. Fankata lafiyarta ƙalau ya kwance ta wai tana ƙara. Ya sauya wa tukwanena wuri. Ya bi mijina wurin aiki har aka roƙe shi ya daina zuwa. Ya gama wannan ya tsaya a tsakar gida ya ce, "To, sai me kuma?" ba mai amsa masa. Ranar Lahadi ta fi kowace rana wuya. Mukan je majami'ar unguwa da safe, ta Turanci, ya zauna yana gyaɗa kai ba ya jin rabin abin da ake faɗa. Da mun dawo sai ya miƙo mini wayarsa.

"Uwata, riƙe. Ko na roƙe ki kada ki ba ni sai yamma."

Kuma yana roƙon. Da azahar ta yi, lokacin da ake shiga sujada a Abakpa, sai ya fara safa da marwa tsakanin ƙofa da taga.

"Ba ni in duba lokaci kawai."

"Ga agogo can a bango, Baba."

"Wannan agogon naku baya yake yi."

"Kai ka gyara shi shekaranjiya."

Sai ya yi tsaki ya fita. Kwata yake tafiya, wurin amininsa, tsohon mahaucin nan da shi ma ya miƙa wa 'ya'yansa wuƙa. Su zauna a inuwa su biyu suna kushe yadda yara ke fiɗa, a hankali, ba mai ji sai su. A can Baba ya samo wa kansa aiki. Samarin da ke saukowa daga Arewa neman lebura, yawancinsu Musulmi, ba su san ko'ina ba, ba sa jin Pijin. Wanda ya yanke a hannu Baba ya raka shi asibiti ya yi masa tafinta. Wanda aka cuce shi a lada Baba ya je ya tsaya masa. Na ce, "Baba, ba ka ce ka huta ba?" Ya ce, "Kujera na ajiye. Ƙafafuna ba wanda ya karɓa."

Wata rana da na gaji da ganinsa yana leƙen wayar da ke hannuna, na ce masa in abin na cin ransa haka, me ya kai shi? Ya ce, "Wa ya gaya miki biyayya daɗi gare ta? Ubangijinmu da kansa ya bar aikinsa a hannun mutanen da ba su gama ganewa ba, ya tafi. Ni wane ne da zan ce sai na ga sun ƙware?" In Shugaba ya kira shi kuwa, miƙewa yake tsaye kafin ya amsa, kamar mutumin na ganinsa. Ba ya ba da shawara sai an tambaya. Ko an tambaya ma, yawanci cewa yake, "Kai me ka gani?" Yana ajiye wayar sai ya juyo ya gaya mini duk abin da da shi ne zai yi.

Ana cikin haka Baffa ya ja wasu dattawa da iyalansu suka kama wani ajin makaranta a unguwar Uwani, can Inugu, suka fara tasu sujadar. Suka rataye hoton Baba a bango, wai su ne mutanen Baba na asali. Ranar da ya ji bai ci abinci ba. Ya sa Mama ta aika a ce su sauke hoton, shi bai mutu domin kowa ba. Suka sauke hoton, amma ba su koma ba. Ikilisiyar da ya tara da ƙafarsa ta rabu biyu, yana zaune a gidana, ya hana kansa ko ɗaga waya.

Bara da damina ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita bai ɓoye mana ba, ni da shi a zaune ya faɗa: zuciyar ta gaji, abin da ya rage watanni ne, kuma ba masu yawa ba. Baba ya ce kada a gaya wa kowa a Inugu. Da Kirsimeti ya matso sai ya ce yana so ya je Abakpa sau ɗaya. Zai zauna a baya, ba zai ce komai ba, ya ji waƙa da Hausa, ya dawo. Na yi murna ƙwarai. Mijina ya samo mota. Mama ta fara lissafin waɗanda za ta gani. Baba da kansa ya haɗa jakarsa, ya sa farar babbar rigarsa a sama, ya ajiye jakar a bakin ƙofa tun ana saura kwanaki.

Sai da safe ɗaya ya ce, "Uwata, kira mini Shugaba, in nemi izini."

Na ce, "Izini? Haba, Baba! Wurin da ka tara da guminka?"

"Shi ya sa."

Na kira, na ƙara murya yadda duk za mu ji. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe tsaye, da ƙyar. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi jama'a. Sannan ya ce yana neman izinin zuwa sujadar Kirsimeti, in ba zai kawo damuwa ba.

Na duba wayar ko layin ya yanke. Sai muka ji Shugaba ya ce, "Baba, ka san ba abin da nake so kamar in gan ka. Amma ina roƙonka kada ka zo yanzu. Mutanen Uwani sun fara dawowa, gida ɗaya-ɗaya. Baffa ma ya aiko a tambayi lokacin sujadar Kirsimeti. In ka shigo, kowa zai ce don kai ya zo, kuma ranar da ka tafi za su sake tafiya. Ka bar ni da su zuwa Ista. Da Ista ni da kaina zan zo in ɗauke ka."

Jinina ya hau. Na kai hannu zan ɗauki wayar in gaya masa abin da likita ya ce. Baba ya riƙe wuyan hannuna. Ban san tsoho mai ciwon zuciya na da ƙarfi irin wannan ba.

"To, Shugaba," in ji Baba. "Na ji. Allah ya ƙara maka hikima. A gaida jama'a, amma kada ka ce na kira."

Da wayar ta mutu ya zauna a bakin gado. Mama ta tashi ta fita ba ta kalli kowa ba. Ni kuwa na kasa riƙe bakina.

"Baba, ka san ba za ka kai Ista ba."

"Na sani."

"To me ya sa ka hana ni faɗa masa?"

"In kin faɗa masa zai ce in zo. Tausayina zai ji, ya ajiye abin da ya gani daidai ne saboda tsoho. Ni kuwa ba kaina na ba shi riƙo ba, ikilisiya na ba shi."

Na ce wannan ba adalci ba ne. Na ce yaron nan ba shi da kunya. Karo na farko ke nan da na kira shi haka, Baba kuma bai tsawata mini ba. Hawaye ne ke zuba a fuskarsa, bai share ba. Can sai na ga kafaɗunsa na motsi, na ɗauka numfashin ne, ashe dariya yake.

"Uwata, kin ji shi? Ni ya ce wa a'a. Muryarsa na rawa, amma ya faɗa." Ya ja numfashi. "Yanzu suna da shugaba."

Ya daɗe yana kallon jakar da ke bakin ƙofa, sannan ya ce in kwance ta, in rataye rigar kada ta yamutse.

Ubangiji da ya ba shi ƙarfin riƙewa, ya kuma ba shi wanda ya fi wuya, na saki, ya hutar da shi. Ni dai har yau ban gama hucewa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na huce ba. Ranar Kirsimeti a gidana ya yi ta. Da azahar ya miƙo mini wayarsa kamar kullum, ya zauna a kujera kusa da taga. Har yamma ta yi bai tashi ba, bai kuma roƙe ni in ba shi ba.